Kafin Ruwan Shuka: Kwanakin Bazara a Jere

Laraba

Afrilu ya kama, zafi ya kai inda ya kai. A tsakar gida muka kwana daren jiya, kuma ko a nan ɗin sai da tabarma ta jiƙe da gumi. Amma gumin ma albishir ne. Wata biyu da suka wuce, ko wuni ka yi kana aiki a rana, jiki bushewa yake yi, leɓe ya tsage, kaushi ya fito a dunduniya. Yanzu iska ta juya. Da asuba na tsaya a bakin garka na ji tana busowa daga wajen Tafa da Suleja, da ɗan danshi a cikinta. Daga teku take tasowa, tana tura busasshiyar iskar Sahara arewa sannu a hankali, kuma ƙasar da ta riga ta mamaye ita ce ke samun hadari. Shi ya sa mu a nan muke riga Zariya ganin ruwa, Zariya ta riga Katsina. Mutanen Kafanchan da Kagoro kuwa, da suke gindin tsaunukan Filato, nasu ya fi namu yawa.

Ko ɗigo bai sauka ba tukuna, amma cin-da-zugun da na kewaye garka da shi ya fara toho. Tun Disamba sanduna ne tsirara, yau ga ƙananan ganye masu sheƙi a kan kowane reshe. Darbejiyar ƙofar gida ta cika da farin fure, da magariba ƙamshinta har cikin ɗaki, ƙudan zuma kuma tun kafin rana ta fito suke kanta. Baƙuwa ce a ƙasar nan, daga Indiya asalinta, a Borno aka fara dasa ta a 1928, amma ta riga ta san lokutanmu.

Irin cittata yana gindin mangwaro, lulluɓe da busasshen ganye. Na ɗaga gefe na duba. Idanun sun fara kumbura. Shi ma ya ji iskar.

Alhamis

Na bi Baba, maƙwabcina, zuwa gonarsa. Bagbagyi ne, ya ba saba'in baya, kuma a unguwarmu babu mai shuka komai sai ya saci kallon abin da yake yi. Ya riga ya gama tsibin doyarsa, kowane tsibi da ɗan tulin ganye a kai, an danne da ƙasa don kada rana ta dafa irin.

A hanya ne na ga abin da na fito gani. Doka da maje sun saki sabon ganye, ja-ja-jur da farko, sannan ya koma ruwan tagulla, sannan kore. Daga nesa sai ka ɗauka fure ne. Marga tana nan da dogayen tsintsiyoyin furenta rawaya suna reto, ko da yake ta fara kaɗewa, ƙasa duk ta yi rawaya a gindinta. A inda wutar daji ta ci a Janairu, gwandar daji ta tsiro daga kututture, gauɗe kuma ya yi fure mai ƙamshin da sai ka tsaya. Na tsuguna na dubi ɗaya: fari ne in ya buɗe, kwana ɗaya ko biyu ya rine ya zama ruwan ƙwai, saboda haka a kan reshe guda kana ganin na yau da na jiya.

Abin da ke ba ni mamaki kowace shekara shi ne duk wannan a kan busasshiyar ƙasa ake yinsa. Ciyawa sai ta ga ruwa take motsi. Itace kuwa saiwarsa ta yi zurfi, kuma yana da ajiyar abinci tun daminar bara, don haka yakan riga ruwa shiri. Ran da ruwan ya sauka, ganyensa ya riga ya buɗe, ba ya ɓata ko kwana ɗaya.

Na tambayi Baba ko tohon doka ya isa a ce damina ta zo. Ya girgiza kai. "Malam, itace ɗaya ba ya ba da shaida. Sai ka ji bakin doka, ka ji na tsuntsu, ka ji na gara, sannan ka tona ƙasa ka ji nata."

Da muka fito titin Abuja zuwa Kaduna, buhunan gawayi ne jere a gefen hanya, ana jiran motoci. Yawancinsu Abuja za su. Na san itatuwan da ke cikin buhunan nan, domin ba kowane itace ne ke yin gawayi mai nauyi ba: kirya ce, da marke, da kaɗanya. Baba bai ce komai ba, ni ma haka.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci gabas ta yi baƙi. Aka ji cida daga wajen Kagarko, mata suka kwashe shanya, yara suka fito da bokitai. Kafin la'asar iska ta watsa hadarin. Liman ya roƙa mana damina mai albarka, kuma amin ɗin yau ta fi ta kullum ƙarfi.

Asabar

Shamuwa ta iso.

Jikata ce ta fara gani, wajen hantsi, ta shigo a guje tana cewa, "Kaka, fito ka ga tsuntsaye sun cika sama!" Na fito. Suna can ƙololuwa, sun fi ƙarfin ƙirga, ba mai kaɗa fiffike. Suna juyawa a cikin iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa, tana ɗaga su, in sun kai inda suke so sai su miƙe arewa su zarce, har su sami wata iskar su sake hawa. Da haka suke cin doguwar tafiya ba tare da sun gaji ba, shi ya sa ba a ganinsu a sama da sassafe, sai rana ta gasa ƙasa.

Da yamma wasu suka sauka a filin da aka yi toyi bayan makaranta, muka je muka tsaya nesa kaɗan. Baƙar riga mai ɗaukar ido, in rana ta buge ta sai ka ga kore da shunayya a ciki, ciki fari fat, fuska shuɗiya da ɗan ja kusa da ido, gwiwa da yatsu ja. Tafiya take a natse, tana tsintar fara da tsutsa a cikin toka. Babu yaron da ya ɗauki dutse. Wannan tarbiyya tana nan har yau, kuma na ji daɗin ganinta.

Ba a nan za su zauna ba. Jere zango ce a wurinsu. Gidansu na can arewa, ƙauyukan Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi, inda suke sheƙa a kan kuka da tsamiya a tsakiyar gari, wani lokaci har a kan ɗaki, su yi ƙwai biyu ko uku, su yi renon 'ya'ya da farar damina. In kaka ta yi sai su tashi. Muna yara ana ce mana Makka suke tafiya. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu na'ura a Nijar sun bi sawunsu har Tanzaniya, kuma an san suna kaiwa Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke kamawa daga Nuwamba zuwa Maris. Ashe tsuntsuwar nan ba ta san rani ba, damina biyu take ci a shekara. Da ta can ta ƙare sai ta biyo ruwa zuwa tamu. Don haka manomin da ya ga shamuwa ya ce ruwa na tafe ba camfi yake yi ba: ita ɗin ta ƙetaro ƙasashen da ruwan ya riga ya sauka, tana gaba da shi da 'yan kwanaki ko makonni.

Na kira ƙanena da ke wani ƙauye kusa da Daura na ce masa baƙinsu na hanya. Ya ce, "Yaya, mu nan ko gajimare babu. Gawo ma bai fara zubar da ganye ba." Gawo shi ne nasu ma'aunin, itacen da ke kore da rani ya tuɓe da damina. Mu nan ba mu da shi sosai.

Lahadi

Baba ya tafi coci, unguwa shiru. Na zauna a garka ina kallon wayar lantarki. Makon jiya tsattsewa ce jere a kanta, masu jan maƙogwaro da wutsiya mai rassa biyu. Yau 'yan kaɗan ne suka rage. Yayin da shamuwa ke zuwa mana, su tafiya suke yi. Waɗannan a Turai suke ƙyanƙyasa, sanyin can ne ke koro su wajenmu tun Satumba ko Oktoba, yanzu kuma da ƙanƙarar can ta narke, itatuwansu suka yi fure, sai su koma. Tsuntsuwar da nauyinta wajen giram 20 ne, ita ce za ta ƙetare Sahara da Bahar Rum. A Boje ta jihar Kuros Riba akwai tudun ciyawa da suke kwana dubun dubata, kuma a Laminga kusa da Jos akwai cibiyar APLORI da ke nazarin irin waɗannan tsuntsaye masu zuwa da komawa. Wani manomi a Faransa ko Italiya yana can yana duban sama yana jiran wadda ta kwana a kan wayarmu, yadda ƙanena ke jiran shamuwa.

Cilakowa ma ta fara wucewa, biyar-biyar, goma-goma, da irin tashinta na kaɗa fiffike a sauko, a sake kaɗawa a hau, tana kuka mai tsawo. Arewa ta nufa ita ma. Shirwar da ta addabi 'yan tsakinmu duk rani ta ragu. A cikin duhuwar lalle ragon maza yana ta kukansa mai gangarowa, shi ba ya zuwa ko'ina.

Litinin

Da azahar ko ganye ba ya motsi. Awaki sun lafe a inuwar bango suna haki. Wajen ƙarfe huɗu gabas ta haɗe, wannan karon ja ne a ƙasa, baƙi a sama. Iskar da ta wuni tana zuwa daga yamma ta tsaya cak, sai wata mai sanyi ta taso daga gabas da ƙarfinta, da ƙura da leda da busasshen ganye. Hadarinmu kullum daga gabas yake zuwa, ko da yake danshin daga yamma ya shigo. Kwanon wani gida ya ɗaga, mangwaro ya yi ta zuba tim, tim, yara suna tsinta a cikin ƙurar ana kiransu ba sa ji.

Sannan ruwan ya sauko, manyan ɗigo, kowane ɗaya da ƙurarsa. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu tana hamdala. Ruwan da ya fara gangarowa daga indararo ja ne, dattin wata biyar, ta hana a tara sai da ya washe. Bai daɗe ba ya ɗauke.

Bayan isha'i shinge ya fito. Duk inda fitila take sun rufe ta. Yara suka ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, suna sharo su da tsintsiya. Uwargida ta soya da ɗan gishiri, ba a sa mai, nasu ya isa. Waɗannan masu fiffiken su ne za su zama sarki da sarauniyar sabuwar shuri. Duk rani suna cikin ƙasa a shirye, sai ruwa ya tausasa ƙasar sannan ake buɗe musu ƙofa, su tashi sau ɗaya tak a rayuwarsu, su sauka, su karya fiffike, mace a gaba namiji na bin ta, su nemi inda za su tona. Cikin dubu da ƙyar 'yan kaɗan ke tsira daga bakin kwaɗo da ƙadangare da kaji da mu.

Talata

Gari ya waye fes. Hazon da ya rage ya wanke, tsaunuka sun matso kusa. Tsakar gida duk fikafikan shinge. A bakin garka na ga jajayen ƙwarin nan na farkon damina, masu laushi kamar karammiski, suna tafiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Jikata ta ɗora ɗaya a tafin hannu, ya naɗe ƙafafu ya yi lamo.

Tun da sassafe samari suka fita da masara a aljihu da fartanya a kafaɗa. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya riga shuka shi ke riga kai ɗanyar masara bakin titi, lokacin da take da tsada, kuma mai iyali da rumbunsa ya yi ƙasa ba ya son jin kalmar haƙuri.

Na sami Baba a bayan gidansa ya tona rami da hannu. Ya ce in sa yatsa. Danshin bai wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinsa ƙasa ce busasshiya, har da ɗumi. "Ka gani? Wannan na wanke ganye ne. Iri zai ji shi ya tsiro, saiwa ta sauka ta tarar da wuta. Sai danshin sama ya sadu da na ƙasa, ka tona taƙi guda hannunka bai taɓa busasshiya ba." Na ce to shamuwa fa, da shinge? Ya ce sun faɗi gaskiya, damina na tafe, amma ba su ce ta zauna ba.

Maganarsa ta zo daidai da abin da Hukumar NiMet ke nanatawa a rediyo. Kowace shekara, tun farkonta, hukumar kan fitar da hasashen lokacin da damina za ta kama a kowace ƙaramar hukuma, tana kuma jan kunne cewa ruwan farko ba shi ne kamawar damina ba. Ina sauraronsu, kuma ina ganin amfaninsu. Sai dai hasashen na Ƙaramar Hukumar Kagarko ne gaba ɗaya, ramin Baba kuwa na wannan gonar ne. Ni biyun nake haɗawa.

Ban shuka komai ba.

Laraba

Da rana ta take tsaka na kafa sanda a tsakar gida na kira yara. Inuwarta ta shige ƙarƙashinta, saura ƙiris ta ɓace. A tsakiyar Afrilu rana ke bi ta saman kanmu daidai a nan, tana hanyarta ta zuwa arewa, sai kuma ƙarshen Agusta in tana dawowa. Damina a bayanta take tafe.

Kwaɗi sun yi kuka daren jiya a kududdufin bayan gari, amma ba da yawa ba.

Alhamis

Ɗorawa ta nuna. Jajayen tutunta da jemagu ke sha da dare a Fabrairu sun zama dogayen kwanso, sun yi ruwan ƙasa, suna reto gungu-gungu. Uwargida da 'yan'uwanta mata suka fita da gora mai ƙugiya, na bi su don in taya ɗauka. Yara baki duk ya yi rawaya da garin. A gida za a ɓare, a ware gari, a wanke kalwa a shanya. Daga nan aikin daddawa: a dafa kalwa wuni guda, a surfa a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe a ƙwarya da ganye kwana biyu ko uku har ta yi warin da ake so. Kwanson ma ba a yarwa, makuba ce, da ruwanta ake daɓe da shafen katanga. A cikin wannan wata da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin cefanen mata da yawa daga itacen nan yake fitowa, kafin kaɗanya ta karɓa a farkon damina.

Muka zo inda babbar ɗorawar nan take, wadda uwargida ta ce tun tana amarya take kaɗa. Kututture muka tarar, da tulin toka a gefe. An sayar da filin, za a yanka fuloti. Tun da jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, da tasha a nan Jere, ga kuma hanyar Bwari, ƙasar nan ta yi daraja a idon mutanen birni. Ba na ƙin gari ya bunƙasa, 'ya'yanmu ma suna son wurin gini. Amma mai fili zai iya yanka fulotinsa ya bar itacen a tsaye, ba abin da zai rage masa. A da, ko gona aka sayar, ɗorawa da kaɗanya ba a sa musu gatari, kowa ya san wannan ba sai an rubuta ba. Ɗorawa tana kusan shekara goma kafin ta fara ba da 'ya'ya, kaɗanya ta fi haka nesa. Injin yanka kuwa kafin a sha ruwa ya gama.

Uwargida ta daɗe tsaye. Ta ce, "Malam, a kan wannan nake gane lokacin jiƙa iri. In kwansonta ya fara faɗuwa da kansa, to a shirya." Ban taɓa sanin tana da wannan lissafin ba. Na tabbata kowace mace a garin nan tana da itacenta da take dubawa, kowane tsoho yana da nasa, kuma babu wanda ya rubuta. In itacen ya faɗi, abin da aka sani a kansa ba ya komawa kan wani.

Na ɗebo kalwa cikin hannu daga wadda muka kaɗo. Zan jiƙa ta in shuka a leda, in dasa a kusurwar garka in ruwa ya zauna.

Juma'a

Rana ta dawo da ƙarfinta. Masarar samarin ta tsiro, layi-layi, kyakkyawa, amma da azahar ganyen ya naɗe. In aka ƙara kwana uku haka, sai sabon iri, ga shi iri da tsada. Na ji tausayinsu ƙwarai.

Albasar kwaɗi ta fito a gefen kwatar da ke bayan garka. Shekaranjiya babu komai a wurin, yau ga kara mai kauri ya ɓullo, da furanni farare masu jan zane a tsakiya. Ita ruwa ɗaya ya ishe ta, domin ajiyarta na cikin albasar. Lemon tsamina ma ya fitar da ƙananan ƙulli a hammatar ganye.

Masu lambu a wajen aikin noman rani na Azara da Jere ba su cika ɗaga kai sama ba, madatsar Gurara na ba su ruwa, ita ce kuma ke tura ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma don mutanen Abuja su sha. Amma mafi yawanmu gonar tudu gare mu, sama muke kallo.

Asabar

Yau muka buɗe irin citta. Muka baje tabarma a gindin mangwaro, ni da uwargida da yara, kowa da wuƙa. Tafin giwa ce mafi yawa, mai kauri mai rawayan ciki, sai ɗan yatsun biri, siririya mai yaji. Ana ɓallawa gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya ko biyu. Duk wadda ta yi laushi, ko ta yi baƙi a ciki, ko take wari, gefe ake jefa ta, kuma ba a cikin garka za a zubar ba, ƙonawa za a yi.

Da ba ma wannan tsanani. Shekarar 2023 ce ta koya mana. A tsakiyar daminar ne ganyen citta ya fara rawaya, gona bayan gona, daga Kachia zuwa Jaba zuwa nan Kagarko, in ka tona sai ka tarar ta ruɓe ta zama ruwa. Cutar naman gwari ce, in ji masana. Mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona sun tashi ba uwa ba riba. Kudancin Kaduna tun wajen 1927 ake noman citta don sayarwa, ita ce kuɗin makaranta, ita ce kuɗin aure da na kwanon rufi, kuma mafi yawan cittar da Najeriya ke fitarwa waje daga nan take. Shekarar da ta biyo baya iri ya yi wuyar samu, ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya taɓawa. Wasu sun koma masara da kurkum, har yau ba su dawo ba.

Abin da ke gabanmu a tabarmar nan shi ne ɗan abin da ya tsira, muka riƙa juya shi a garka muna ƙarawa. Shi ya sa ba zan ba ruwan farko shi ba. Masara in ta ƙone a sayo wata. Wannan in ya tafi, ya tafi.

Mun tsoma shi a ruwan maganin da malamin gona ya ba da shawara, muka baje a inuwa ya sha iska. Bana ba inda aka yi bara za a sa ba, na canza wuri, wajen da ruwa ba ya kwanciya.

Lahadi

Tsuntsun gado ya sauya riga. Mazan da suka yi rani da launin ƙasa, ba ka bambanta su da matan, sun yi rawaya da baƙin kai, sun mamaye giginyar bakin masallaci da surutu. Suna tsago ganyen dogo-dogo su kai reshe su saƙa, namiji ya rataye a ƙarƙashin sheƙar yana kaɗa fiffike don mace ta zo ta duba. Mulufi bai sa jarsa ba tukuna, shi sai ciyawa ta yi tsawo. Balbelar da ke bin shanun Fulani ta yi ja-ja a ka da ƙirji, shanun kuma an fara fuskantar da su arewa.

Ƙanena ya kira bayan magariba. "Yaya, sun sauka. Biyu a kan kukar ƙofar gidan mai gari, suna gyaran tsohuwar sheƙa."

Na fita duba taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta. Ta yi ƙasa sosai a yamma, 'yan makonni kaɗan za ta ɓace daga sararin magariba. Gabas kuwa walƙiya ce ba ƙaƙƙautawa, ba ƙara, tana nesa.

Litinin

Wajen ƙarfe biyun dare ya fara. Ba iska mai yawa, ba ƙura. Ruwa ne mai nauyi, ya yi ta zuba har aka kira assalatu, sannan ya koma yayyafi. Kwaɗi suka cika gari da kuka, ko maganar na kusa da kai da ƙyar kake ji.

Ban jira shayi ba na tafi wurin Baba. Ya riga ni, yana tsugune. Ya tona har hannunsa ya nutse zuwa wuyan hannu, ya damƙo ƙasar ƙasan ya matse, ta dunƙule ba ta warwatse ba. Ya miƙo mini. "To, Malam, bisimilla."

Muka shiga garka da yara. Na riga na kafce wurin na zuba takin shanu tun watan jiya, don haka aikin bai yi wuya ba. Taƙi guda tsakanin gunduwa da gunduwa, zurfin yatsu uku, ido yana duban sama, a rufe, a ɗan danna da tafin hannu. Masarar samarin da ta naɗe ta miƙe, wajen rabi ya tsira, suna can suna cike gurbi.

Citta ba a barin ta tsirara. Da an shuka sai a lulluɓe da ɗanyen ganye mai kauri, ya riƙe danshi, ya kare ta daga rana, ya hana ruwa daddaɓe ƙasar, in ya ruɓe kuma ya zama taki. Tana iya yin mako uku ko huɗu kafin ta huda, kuma a cikin wannan lokacin in fari ya ratsa, ganyen nan ne kaɗai tsakaninta da mutuwa. Da a bayan gari muke saro reshen doka, tafiyar da ba ta kai a sha wuya ba. Yanzu sai an yi nisa, nisan da iyaye ba sa son yaransu su yi saboda halin tsaro. Na ba masu babur biyu kuɗi suka yi sawu uku, na haɗa da ganyen mangwaro da na malaina da muka share. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu bai samu rufi ba. Baba ya ce akwai ragowar ciyawar da ya yi jinkar rumbu, in aiko yara da sassafe su kwaso kafin rana ta yi zafi.

Gobe masara da gyaɗa a gonar tudu. Uwargida ta jiƙa irin kuɓewa da na yakuwa.